Ba Yara Suka Rataye Mutanen Salem Ba

Akwai wani wasan kwaikwayo da wani marubuci Ba'amurke, Arthur Miller, ya rubuta, aka fara nuna shi a birnin Niyok a watan Janairu na 1953. Sunansa The Crucible, wato kaskon da maƙeri yake narka ƙarfe a ciki domin a rabe mai kyau da datti. Labarinsa na shari'ar mayu ne da aka yi a garin Salem, a yankin Masacusets na Amurka ta yau, a shekara ta 1692. Ana karanta shi a makarantu a ƙasashe da yawa, darasin da akan ba ɗalibai kuwa shi ne, wai 'yan mata sun haukace, gari ya ruɗe, tsoro ya cinye mutane. Wannan bayani rabin gaskiya ne, yana kuma wanke masu laifi na ainihi. Yarinya 'yar shekara 11 ba ta iya sa hannu a takardar kisa. Ba ta da kurkuku, ba ta da igiya, ba a kuma ba ta wurin yin wa'azi ran Lahadi. Waɗanda suka kashe mutanen Salem manya ne, masu furfura, masu ilimi, masu Littafi Mai Tsarki a hannu. Ikkilisiyar da ta ƙi jin wannan magana tana iya sāke aikata abin da aka aikata a can.

Abin da tarihi ya shaida

Mutanen Salem Kirista ne daga cikin waɗanda ake kira Furitan, waɗanda iyayensu suka baro Ingila domin su yi sujada yadda suka ga ya fi tsarki. Kafin 1692 ƙauyen ya riga ya rabu biyu. Akwai rikicin iyakar gonaki tsakanin manyan gidaje, akwai kuma gardama a kan albashin fastonsu, Samuel Parris, har da itacen wutar da aka alkawarta masa. Ga yaƙi da Faransawa da 'yan asalin ƙasar a arewa, masu gudun hijira suna ta shigowa da labaran kisa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

A farkon shekarar, 'yar Parris mai shekara 9 da wata 'yar danginsa, Abigail Williams, mai shekara 11, suka fara faɗuwa suna shure-shure suna ihu. Likita ya duba, bai gane cutar ba, sai ya ce akwai mugun hannu a ciki. Manya suka tsare yaran da tambaya, wa yake azabtar da ku? A ƙarshen watan Fabrairu aka kama mata uku: Tituba, baiwa a gidan faston, Sarah Good, mai bara, da Sarah Osborne, mara lafiya wadda ta daɗe ba ta je sujada ba. Dukansu marasa gata ne. Haka abin yakan fara a ko'ina.

Amma bai tsaya a kansu ba. A watan Mayu gwamna William Phips ya kafa kotu ta musamman, William Stoughton ne babban alƙalinta. Daga 10 ga Yuni zuwa 22 ga Satumba aka rataye mutum 19, mata 14 da maza 5. Wani tsoho, Giles Corey, ya ƙi yarda a yi masa shari'a, sai aka kwantar da shi aka yi ta jibga masa duwatsu a ƙirji har ya mutu. Aƙalla mutum 5 suka mutu a kurkuku. Waɗanda aka zarga sun haura 200, a cikinsu har da yarinya 'yar shekara 4, ɗiyar Sarah Good, wadda aka tsare watanni.

Mai karatu ya lura da shari'ar Rebecca Nurse. Tsohuwa ce mai shekara 71, cikakkiyar 'yar ikkilisiya, maƙwabta 39 suka sa hannu cewa sun san halinta na kirki. Masu taimakon alƙali suka fita suka dawo suka ce ba ta da laifi. 'Yan matan suka ɓarke da ihu, babban alƙali ya ce a koma a sāke tunani. Aka koma, aka dawo da hukuncin kisa. Ikkilisiya ta fitar da ita daga zumunta, aka rataye ta a 19 ga Yuli. A ranar nan ihu ne ya fito daga bakin yara, amma umarnin a sāke tunani daga bakin alƙali ya fito, korar kuwa daga bakin masu hidimar ikkilisiya.

Yadda tsoro yake aiki a cikin wasan

Miller ya shirya wasansa kashi huɗu, ya kuma nuna sarai ta wace hanya tsoron mutum ɗaya yake zama annobar gari.

Na fari, kowa a cikin wasan yana da abin da yake tsoro, kuma ba mayu ba ne kaɗai. Parris yana tsoron a ji cewa a gidansa abin ya fara, maƙiyansa su raba shi da aikinsa. 'Yan matan suna tsoron bulala saboda an kama su suna rawa a jeji da dare. Tituba tana tsoron igiya. Da aka nuna mata cewa in ta amsa laifi ta kuma ambaci sunan waɗansu za ta tsira, sai ta amsa, ta ambata. Abigail ta ga ƙofar da aka buɗe, ita ma ta bi. Kashi na fari ya ƙare ne yara suna ta jero sunayen maƙwabta, manya kuwa suna murna wai Allah yana aiki. Wannan ba ƙagen Miller ba ne. A tarihi fiye da mutum 50 suka amsa cewa su mayu ne, kuma ba ko ɗaya da ya amsa ya tsaya a kan amsarsa da aka rataye. Waɗanda suka ƙi yin ƙarya su ne suka mutu. Kotun da take ba maƙaryaci rai ta ba mai gaskiya igiya, lalle za ta sami maƙaryata da yawa.

Na biyu, kotun ta karɓi shaidar da ba wanda zai iya ƙaryatawa. Yarinya takan ce ta ga kurwar wance tana shaƙe ta ko tana tsunkulinta. Ba wanda ya gani sai ita. In wadda ake zargi ta ce tana gida a lokacin, sai a ce ai jikinta ne yake gida, kurwarta ta fita. A kashi na uku, sa'ad da Mary Warren ta zo ta faɗi cewa duk wasa suke yi, Abigail ta ɗaga kai ta ce ga wani tsuntsu a rufin ɗakin, kurwar Mary ce za ta kawo mata hari. Sauran 'yan matan suka ɗauka, suna maimaita kowace kalma da Mary ta faɗa, har ita kanta ta firgita ta koma cikinsu ta juya wa ubangidanta baya. Alƙali Danforth yana zaune yana kallo, bai ga tsuntsu ba, amma ya gaskata.

Na uku, duk wanda ya yi tambaya ya zama abokin Shaiɗan. Mijin Rebecca ya kawo takarda da sa hannun mutum 91 masu shaidar kirkin matan da aka kama. Danforth ya ba da umarni a kamo dukansu a yi musu tambayoyi. Daga ranar nan wa zai sāke buɗe baki?

Na huɗu, akwai masu cin riba. Giles Corey ya kawo ƙara cewa mai arziki Thomas Putnam ne ya sa 'yarsa ta zargi wani maƙwabci domin gonarsa ta faɗo kasuwa ya saya. Matar Putnam, wadda a cikin wasan ta binne jarirai bakwai, tana neman wanda za ta ɗora wa baƙin cikinta, sai ta ɗora wa ungozoma. Abigail kuma tana son a kawar da Elizabeth, matar John Proctor, domin ta maye gurbinta. Mai karanta Littafi Mai Tsarki ya san wannan wasa tun daga 1 Sarakuna 21, inda Yezebel ta sa aka yi shelar azumi, aka kawo shaidun zur biyu, aka jajjefe Nabot da sunan kishin Allah, alhali gonar inabinsa ake so.

Na biyar, shi ne mafi muni, girman kan shugabanni. A kashi na huɗu gaskiya ta fito fili. Abigail ta sace kuɗin Parris ta gudu, shanu suna yawo a hanya ba masu su, marayu suna bin gidaje. Aka roƙi Danforth ya jinkirta kisan. Ya ƙi, dalilinsa kuwa shi ne an riga an rataye mutum 12, in ya saki sauran zai zama ya yarda an kashe na fari a banza. Wato za a ƙara zub da jini domin kada a ce alƙali ya yi kuskure. John Proctor, mai zunubi ne da ya san zunubinsa, ya sa hannu a takardar amsa laifi, ya ƙi ambaton kowa, sa'an nan ya kekketa takardar ya tafi wurin rataya.

Miller yana da dalilin rubuta wannan a lokacin da ya rubuta. Tun daga 1950 wani ɗan majalisar dattawan Amurka, Joseph McCarthy, yake ta shelar cewa 'yan gurguzu sun cika ofisoshin gwamnati, wani kwamiti na majalisar wakilai kuma yana kiran mutane yana tilasta musu su ambaci sunayen abokansu. Mutane da yawa suka rasa aikinsu a kan zargi kawai. A 1956 aka kira Miller kansa, ya ƙi ambaton kowa, aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1958. Ashe ciwon ba na zamanin jahilci ba ne, ba kuma sai an gaskata da maita yake kama jama'a ba.

Amsa ga masu gardama

Wani ɗan'uwa zai ce, Miller ba Kirista ba ne, ya kuma sauya tarihi domin ya ɓata sunan ikkilisiya. Gaskiya ne ya sauya waɗansu abubuwa, shi ma bai ɓoye ba. Ya mai da Abigail 'yar shekara 17, ya mai da Proctor, wanda ya kai kusan shekara 60, magidanci mai ƙuruciya, ya kuma ƙaga zina a tsakaninsu. Amma a cire duk abin da ya ƙaga, gawawwakin nan 20 suna nan. Takardun kotun suna nan har yau, da yawa daga cikin bayanan ma da hannun Parris aka rubuta su. Ban da haka, mutanen da wasan ya fi girmamawa masu bi ne. Rebecca Nurse ta zaɓi mutuwa domin ba za ta yi ƙarya a gaban Allah ba. In wanda ba na gida ba ne ya nuna inda rufi yake yoyo, mai hankali yakan gyara rufin, ba ya tsayawa tambayar asalin mai nunawa.

Wani kuma zai ce, to, ana so a ce babu Shaiɗan ke nan, babu masu sihiri? Zai buɗe Fitowa 22:18 ya nuna. Ba sai an yi musun ikon duhu kafin a la'anci Salem ba. Wannan Attaura ɗin da ta haramta sihiri, ita ce ta haramta shaidar zur a Fitowa 20:16. Ita ce a Maimaitawar Shari'a 19 ta hana a hukunta mutum a kan bakin shaida ɗaya, ta umarci alƙalai su bincika sosai, ta kuma ce a yi wa mai shaidar ƙarya abin da ya so a yi wa ɗan'uwansa. Me ya sa masu farautar mayu suke haddace aya ɗaya su manta da sauran? A Sabon Alkawari kuwa, Bitrus ya sadu da Saminu mai sihiri a Samariya, ya tsawata masa ya ce ya tuba, bai tara jama'a a kansa ba. Masu sihiri na Afisa da kansu suka kawo littattafansu suka ƙone, ba wanda ya bi gida gida yana nuna su da yatsa. Ba inda Yesu ko manzanninsa suka ce wa mara lafiya wance ce ta kama ka.

Akwai kuma abin da wani babban mai wa'azi na Boston, Increase Mather, ya nuna a watan Oktoba na 1692. In Shaiɗan yana iya ɗaukar kamannin mala'ikan haske, kamar yadda Bulus ya faɗa wa Korantiyawa, me zai hana shi ɗaukar kamannin tsohuwa mara laifi? Wanda ya hukunta mutum a kan mafarki ko wahayi ya mai da uban ƙarya babban shaidarsa. Ra'ayin Mather shi ne gara waɗanda ake zargi da yawa su kuɓuta da a kashe mara laifi ɗaya. Magana mai kyau, sai dai ta zo bayan an gama rataya. Ɗansa Cotton Mather yana nan a kan doki ran 19 ga Agusta, sa'ad da George Burroughs, tsohon faston ƙauyen, ya karanta Addu'ar Ubangiji ba kuskure a gindin igiya. Jama'a sun gaskata maye ba ya iya wannan, zukatansu suka karaya, amma Cotton Mather ya lallashe su aka ci gaba. Waɗannan mutane ba jahilai ba ne. Stoughton da su Mather duk a Harvard suka yi karatu. Ba su rasa ilimi ba, ƙarfin hali suka rasa.

Gwamna ya rushe kotun a ƙarshen Oktoba, bayan zargi ya fara taɓa gidajen manya. Da aka daina karɓar shaidar kurwa, shari'un suka rushe, aka saki sauran a 1693. A Janairu 1697 aka yi ranar azumi da tuba, alƙali Samuel Sewall ya miƙe tsaye a majami'a aka karanta takardar neman gafararsa. Ann Putnam ƙarama, ɗaya daga cikin masu zargin, ta nemi gafara a 1706. A 1711 hukuma ta biya iyalai diyya. Stoughton bai taɓa neman gafara ba. Mace ta ƙarshe da aka wanke sunanta, Elizabeth Johnson, sai a 2022 aka wanke ta. Magana zarar bunu ce.

Abin da ya shafi ikkilisiya a nan

Wanda ya ce wannan tsohon labarin Turawa ne, bai duba unguwarsu ba. A ƙasar Hausa an san yadda ake yi. Zazzaɓi ya yi wa yaro zafi, yana sambatu, manya suka kewaye shi suna cewa faɗi wanda ya kama ka. Yaron ya kira sunan wata tsohuwa. Aka jawo ta, aka ce sai ta tsallake shi ta saki kurwarsa. In ya warke, an ce ai ga shi ta sake shi. In ya mutu, an ce ta cinye shi. Ta wace ƙofa za ta fita? A Masacusets ma haka aka yi: akan sa wanda ake zargi ya taɓa mai shure-shure, in ta lafa sai a ce ya tabbata. Alhali zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau, da taifot, duk suna sa sambatu, kuma sa'o'in da ake ɓatawa wajen neman maye su ne sa'o'in da ya kamata yaron yana asibiti. Daga nan tabon yakan bi zuriya, a ƙi auren 'ya'yan gidan, a ƙi sayen abincinsu.

A arewacin Ghana akwai sansanonin da matan da aka kora da zargin maita suke fakewa, a Gambaga da Kukuo da Gnani da Kpatinga. A watan Yuli na 2020, a Kafaba kusa da Salaga, aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 dūka har ta mutu, da rana tsaka, jama'a suna tsaye suna kallo, bayan wata mai dūba ta nuna ta. Abin kunya shi ne, yau ba boka kaɗai yake wannan aiki ba. Akwai masu kiran kansu annabawa da suke tara mutane a daren addu'a, su ce wa mace mara haihuwa uwar mijinta ce, su ce wa mai neman aiki ƙanwar ubansa ce, su karɓi baiko su tafi, su bar gida yana cin wuta. Wannan dūba ne da aka sa wa rigar ikkilisiya. Faston da ya ji ya yi shiru domin kada mutanensa su koma wata majami'a, shi da Parris ɗaya ne.

Saboda haka wajibi ne dattawan kowace ikkilisiya su tsai da doka a fili. Kada a yarda a ambaci sunan kowa da maita a cikin sujada, ko a taron addu'a, ko a zumuntar mata, ko da mai ambaton ya ce wahayi ya gani. Mara lafiya a yi masa addu'a a kuma kai shi asibiti a ranar. Kada babba ya sa wa yaro suna a baki. Wanda ya yi zargi a kira shi gaban dattawa ya kawo shaidar da ido yake gani, in ba shi da ita a hore shi kamar kowane mai ɓata suna. Wadda aka zarga kuwa, fasto ya je gidanta da rana, ya zauna, ya ci abincinta, kowa ya gani. Ikkilisiyar Firesbiteriya ta Ghana ta daɗe tana aiki a Gambaga, tana kula da matan nan tana sulhunta su da danginsu domin su koma gida. Aiki ne mai kyau, amma hana korar tun farko ya fi.

A Ayyukan Manzanni 19 an ba da labarin hargitsin Afisa, inda taro ya yi wajen sa'a biyu yana ihu, yawancinsu ba su ma san abin da ya tara su ba. Magatakardan gari, wanda ba mai bi ba ne, ya miƙe ya ce mai ƙara ya tafi kotu, ya sallami taron, ba a kashe kowa ba. Salem tana da fastoci da alƙalai masu yawan karatu, amma ta rasa irin mutumin nan a watan Maris na 1692, lokacin da kalma ɗaya daga bakin babba za ta isa. Yara za su yi ta mafarki, masu zazzaɓi za su yi ta sambatu, masu baƙin ciki za su yi ta neman wanda za su ɗora wa. Wannan ba zai ƙare ba. Abin da Allah zai tambayi fasto da dattijo da mai koyar da katikisma shi ne abin da suka yi a ranar da aka fara kiran suna.